Sola mai zafi a masana'anta: tana fitar da kuɗinta kuwa? Tambayoyi da amsoshi

Tun da dizal ya yi tashin gwauron zabi, duk mai masana'antar da muka zauna da shi, mai injin shinkafa ne ko mai jima ko mai yogot, tambayoyin nan dai su ne suke ta dawowa. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya shi ya sa na tara su wuri guda, na sa musu lamba don wata amsar tana jingine da wata.

1. Wai mece ce sola mai zafi ɗin nan, ba ita ce fanel ɗin da muke sawa a rufi ba?

A'a ba ita ba ce. Fanel ɗin da kowa ya sani hasken rana yake mayarwa wutar lantarki kai tsaye. Ita kuwa wannan zafin ranar take kamawa ta dafa ruwa ko mai ko iska, kamar dai yadda za ka bar jarka baƙa a tsakar gida da azahar ka dawo ka ji ruwan ba ya taɓuwa, to wannan ne aka yi wa gyara da gilashi da bututun tagulla da tanki.

Kuma gida biyu ce. Akwai wadda zafin ake so, a kai shi wurin wanki ko rini ko boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ta ba da tururi. Akwai kuma manyan tashoshi masu madubai da suke tara rana wuri ɗaya su yi tururi, tururin ya juya inji ya ba da lantarki. Yawancin rikicin da ake yi kan ko akwai riba ko babu daga haɗa biyun nan ne, wani yana maganar ta farko wani yana ba shi amsa da ta biyu. Ta biyun tana tambaya ta 7.

2. Ni matsalata wuta ce, me ya kawo maganar zafi?

Alhaji duba littafin sayen mai naka da kyau. Nawa ne yake tafiya janareta, nawa ne yake tafiya boila? A duniya gaba ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da masana'antu ke ci zafi ne ba lantarki ba, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na wannan zafin bai kai digiri 150 ba. Jiƙa shinkafa kafin a turara ta ruwan digiri 60 zuwa 70 ne. Madara ana kai ta digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta. Masu jima a Challawa yawancin ruwan da suke so bai wuce digiri 60 ba. Wankin kwalabe da tankuna ma haka. Duk waɗannan ƙona dizal ko baƙin mai a kansu ɓarna ce kawai, rana za ta iya.

Idan kuwa injinan ka moto ne kawai suke juyawa, irin niƙa da walda da yin leda, to wannan shafin ba naka ba ne, fanel da batir za ka nema.

3. Wace na'ura ce take ba da wane zafi?

Faranti mai gilashi a shimfiɗe yana kai ruwa digiri 80 zuwa 90 ba wahala. Mai bututun gilashi da aka zuƙe wa iska yana ɗan wuce nan, har sama da 100. Daga nan sai an shiga madubi: mai lanƙwasa kamar kwami yana kai mai wajen digiri 400, hasumiyar da dubban madubai ke haskawa kuma tana kai narkakken gishiri digiri 565. Duk hawa ɗaya kuɗi ne yake ƙaruwa da wahalar gyara.

Siminti kuwa a manta da shi tukuna, murhunsa digiri 1,450 yake so, saboda haka masana'antun simintin Sakkwato da Ashaka da Malbaza ba su cikin wannan lissafin. Ƙarfe ma haka.

4. Ai rana kam Allah ya ba mu a Arewa, ba shi kenan ba?

Nan ne ake yawan faɗawa rami. Zafin da kake ji a jikinka daban, hasken da madubi zai iya tarawa daban. Faranti shimfiɗaɗɗe da fanel suna cin kowane irin haske, har wanda hazo ya tarwatsa. Madubi ba ya cin komai sai hasken da ya zo kai tsaye daga ƙwayar rana, wanda yake yin inuwa mai kaifi. Ka gwada da kanka ranar da hazo ya sauka a Kano cikin Janairu, ka tsaya a fili ka dubi inuwarka, gari da haske amma inuwar dishi-dishi, rana kuma kana iya kallonta kamar faifai fari. Ran nan madubi zaman banza yake yi.

Ƙurar nan yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, tana bi ta kanmu daga Nuwamba har Maris, wato daidai lokacin da babu gajimare da ya kamata a ce ana cin riba. Sai kuma damina ta zo da hadarinta a Yuli da Agusta. A taswirar rana ana rubuta wannan hasken na kai tsaye da DNI, kuma ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce tashar madubi tana son wajen yunit 2,000, irin yunit ɗin mitar wuta, a kowace murabba'in mita a shekara ko fiye. Yankin Upington na Afirka ta Kudu da hamadar Atakama ta Chile sun wuce nan nesa, shi ya sa tashoshin suke can. Kafin ka biya ko sisi a kan madubi ka buɗe Global Solar Atlas, kyauta ne a intanet, ka danna garinku ka ga lambar DNI ɗin ba ta jimillar haske ba. Duk wanda ya zo maka da takarda yana nuna jimillar yana tallan madubi, ko bai sani ba ko yana so ya ci kuɗinka.

5. To a yi mana lissafi a ƙasa, shekara nawa kafin kuɗi su dawo?

Bari mu ɗauki misali, kowa sai ya sa nasa farashin. Masana'anta tana son ruwa lita 10,000 kullum, daga digiri 25 zuwa 80. Wannan zafin yunit 640 ne, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Litar dizal tana da wajen yunit 10 a cikinta amma boila mai lafiya 8 za ta ba ka, sauran ya bi bututun hayaƙi, kenan lita 80 kullum, in ana aiki kwana 300 lita 24,000 a shekara. In da hita ta lantarki kake yi a kan farashin Band A, wato rukunin masu samun wuta sosai, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, naira 144,000 kenan a rana ɗaya.

Yanzu ɓangaren rana. Murabba'in mita ɗaya na faranti mai kyau a rana mai kyau zai ba ka yunit 2 da rabi zuwa 3 na zafi, saboda haka kana buƙatar wajen murabba'in mita 230, fili kamar 15 sau 15 in ban da tazarar da za a bari tsakani. Mu ƙaddara komai da komai, faranti da tanki da famfo da kuɗin aiki, ya tsaya dala 400 kowace mita, dala 92,000 kenan. Ba kullum ne za ta cika ba saboda hazo da damina, mu ce ta ɗauke kashi 70 cikin 100, lita 16,800 ka huta da saye. In lita tana dala ɗaya don sauƙin lissafi, shekara biyar da rabi kenan uwar kuɗi ta dawo, kayan kuma in an kula da su suna kai shekara 20.

Lambobi biyun nan, dala 400 da dala ɗaya, ni na ƙaddara su, kai ka nemo na gaskiya daga mai sayarwa da gidan mai. Amma ka lura da abin da yake juya lissafin: kwanakin aiki. Masana'antar da ke aiki wata huɗu a shekara, irin ta tumatir da sai kaka, shekara biyar ɗin nan sai ta koma sha biyar. Ranar Juma'a ko Lahadi da ka rufe ma rana ta fito a banza. Sai kuma maganar bashi, duba ta 10, don ita kaɗai tana iya rushe duk wannan.

6. Ni da ɓuntun shinkafa nake hura boila, akwai abin da zan samu?

Gaskiya kusan babu. Sola ba ta kawo kuɗi, kuɗin mai take hana fita, to in man naka kyauta ne me za ta hana? Na taɓa shiga wani injin shinkafa a wajen Kano, maigidan ya kira ni da zumuɗi wai yana so ya rufe rufin sito da faranti, muka zagaya baya sai ga ɓuntu tsibi ya fi tsayin mota, yara suna ta ɗiba a baro suna zubawa a wuta, har biyan masu tifa yake su kwashe ragowar. Na ce masa Alhaji kuɗin nan ka kai su fanel don injinan casa, boilar ka ba ta da matsalar mai. Bai ji daɗi ba a ranar amma ya gane.

Wanda ke sayen itace ko gawayi yana tsakiya, sai an yi masa lissafi nasa. Mai dizal da baƙin mai da gas na tukunya shi ne ribarsa ta fi fitowa fili.

7. Zan iya kafa ƙaramar tashar madubi ta ba masana'antata lantarki in huta da janareta?

Kar ka fara. Injin tururi ba ya son ƙanƙanta, in bai kai gomman megawat ba kuɗin kowane yunit ya yi yawa, kuma yana son injiniyoyi dare da rana. Ƙididdigar 2023 ta IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashi irin na rana da iska, ta nuna wutar tashar madubi tana kusan santi 12 na dala kowane yunit, ta fanel kuma ƙasa da santi 5. A 2010 kusan kunnen doki suke, daga baya fanel ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 saboda Sin tana buga shi kamar biskit, ga batir ma yana bin sahu. Shi ya sa tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso kusa da Challawa a 2023 ta fanel ce, ta Gorou Banda a Yamai mai megawat 30 ita ma haka.

Abin da ya rage wa madubi shi ne ajiyar zafi na sa'o'i masu yawa don a ba da wuta da dare, kuma wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni ba na mutum ɗaya a Sharaɗa ba.

8. Ina aka yi ta ta yi kyau, ina kuma ta ba da kunya?

Ta lantarki tukuna. Maroko ta buɗe Noor I a Warzazat a 2016 mai megawat 160, aka ƙara Noor II mai 200 da Noor III mai 150. Aiki ne na a zo a gani, amma da bashi mai sauƙi na Bankin Duniya da bankunan raya ƙasa na Turai da Afirka aka yi shi, kuma a 2024 tankin gishirin Noor III ya yi yoyo ta tsaya watanni da yawa. Dubai ta samu farashin santi 7.3 a tasharta mai megawat 700 na madubi, da yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 35. A Amurka Crescent Dunes ta Nevada kamfaninta ya karye a 2020, Ivanpah ta Kalifoniya da ta ci wajen dala biliyan 2.2 kuma a 2025 babban mai sayen wutarta ya nemi a warware kwangila tun wa'adi bai cika ba don ya samu mai araha.

Ta zafi kuwa labarinta ya fi daɗi. Mahakar tagulla ta Gabriela Mistral a Chile tun 2013 take ɗumama ruwan aikinta da faranti shimfiɗaɗɗe wajen murabba'in mita 39,000, a tsakiyar hamada inda da sai an yi dakon dizal a tanka. A Seville ta Sifaniya kamfanin Engie ya kafa wa wata masana'antar giya ta Heineken madubai masu megawat 30 na zafi a 2023, abin da suke dafawa bai shafe mu ba amma tsarin ya shafe mu. A Oman kuma aikin Miraah yana yin tururi da rana ana tura shi rijiyoyin mai, kuma saboda ƙura sai suka sa madubansu cikin ɗakunan gilashi irin na rainon shuka, inji yana wanke rufin. Wannan dabarar ta fi kowacce kama da halin da muke ciki, duk da cewa kamfanin GlassPoint da ya ƙirƙiro ta shi ma sai da ya durƙushe a 2020.

9. Da dare fa, ko in an kwana uku ana ruwa?

Ajiye ruwan zafi shi ne abu mafi araha a duk harkar nan, tanki ne kawai da aka naɗe da kyau, ruwan da ya yi zafi da la'asar zai kai ka asuba. Manyan tashoshi gishiri suke narkawa su ajiye, shi kuma in ya huce ƙasa da digiri 240 ko kusa da haka sai ya daskare a bututu, babbar masifa kenan. Kai dai kar ka cire boilarka. Sola ta shiga gabanta ta ba ta ruwa mai zafi maimakon mai sanyi, ranar da babu rana boila ta yi aikinta yadda ta saba. Duk mai ce maka zai ɗauke maka ɗari bisa ɗari zai sayar maka da faranti ninki biyu da za su zauna ba aiki a bazara.

10. In da bashin banki zan yi fa?

Toh nan ne gizo ke saƙar. Sola duk kuɗinta a ranar farko ake biya, dizal kuwa kullum kaɗan kaɗan. Misalin da ke tambaya ta 5 yana dawo maka da wajen kashi 18 cikin 100 a shekara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuma a lokacin suna ba da bashi a wajen 30, ka ga kenan kana biyan 30 don ka samu 18, an gudu ba a tsira ba. Ga kayan da dala ake shigo da su, naira kuma daga wajen 460 a tsakiyar 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Abu ɗaya da ke rage zafin shi ne dizal ma dala yake bi, in naira ta sake faɗi abin da kake tsira da shi yana ƙaruwa. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da ke kan sefa ba su da wannan ciwon kan sosai tunda a ɗaure take da yuro.

Hanyoyin da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu uku ne a ganina. Kuɗin aljihunka, ko bashi mai rangwame irin na Bankin Masana'antu, ko kuma wani kamfani ya kafa kayan da kuɗinsa kai kana sayen zafin da mita, yadda aka yi a Chile da Seville ɗin da na ambata a ta 8. Wanda ba ya son kuɗin ruwa sam zai iya tambayar bankunan Musulunci ko za su yi masa murabaha, wato su sayi kayan su sayar masa da riba, ko ijara, wato su ba shi haya, tunda kaya ne da ake gani ana taɓawa, sai dai ya duba ribar da suka ɗora da idon basira don ita ma tana shiga lissafi.

11. Wace irin kulawa take so?

Wanki da ruwa mai kyau, su ne kan gaba. A hunturu kwana uku kawai ka shafa yatsa a gilashin za ka iya rubuta sunanka. Faranti yana jurewa kaɗan, madubi ba ya jurewa ko kaɗan. Sai a sa yaro ɗaya aikinsa kenan, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi fashewa ne.

Na biyun ya fi cin mutane. Na ga wani wuri da aka haɗa ruwan burtsatse kai tsaye cikin faranti, ba a yi shekara biyu ba zafi ya ragu, da aka yanke bututu sai ga farin abu kamar kanwa ya toshe ciki saura ɗan rami da ƙyar tsinke zai shiga. Wanda ya kafa musu ya ɓace, lambarsa ba ta shiga. Daidai shi ne ruwan da ke zagaya faranti ya zama tsaftatacce a rufe, ya miƙa zafinsa ga ruwan aiki ta cikin wani ƙarfe ba tare da sun gauraya ba. Kuma a tambayi mai kafawa me zai faru in wuta ta ɗauke famfo ya tsaya da tsakar rana, in ya fara kame-kame ka nemi wani.

12. Ba gara in jira gas ɗin AKK ba, ko in sa fanel da hita kawai?

Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614 ne, an ƙaddamar da aikin a 2020. Duk masana'antar da gas ɗin bututu ya iso ƙofarta a farashi mai sauƙi, sola mai zafi za ta sha wuya ta yi gogayya da shi musamman wurin tururi. Amma babban bututu daban, reshen da zai shigo layinku daban, kuma wanda yake Gusau ko Maiduguri ko Maraɗi ba shi ake magana ba.

Fanel da hita kuwa yanzu ba abin dariya ba ne. Fanel kashi 20 cikin 100 na rana yake kamawa, faranti mai zafi wajen 50, kenan fili ninki biyu da rabi za ka ci, amma arha ne, babu yoyo, kuma ranar da ba ka son zafi wutar tana da wani amfani. Akwai kuma injin da ke aiki kamar firij a juye, yunit ɗaya na wuta ya ba ka wajen uku na zafi. In rufinka yana da faɗi ka sa a kawo maka farashin duka ukun ka kwatanta.

13. An taɓa yin irin wannan a ƙasashenmu ko baƙon abu ne?

Ba baƙo ba ne ko kaɗan. Tun 1913 wani Ba'amurke Frank Shuman ya kafa madubai a Ma'adi kusa da Alƙahira yana jan ruwan Nilu da tururin rana, yaƙin duniya na farko da arhar man fetur suka kashe aikin. A Nijar Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, daga 1969, suna ƙera tankunan ɗumama ruwa da murhun rana a nan gida. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ita ma ta daɗe tana yin na'urorin busar da amfanin gona da na ɗumama ruwa. Wannan yana da nasaba da kuɗi kai tsaye, don tanki da ƙafafun ƙarfe da aikin famfo duk maƙeranmu da masu walda za su iya, abin da za a saya da dala sai ya ragu.

14. Na gamsu zan gwada, daga ina zan fara?

Ba daga sayen faranti ba. Ka sayi mitar ruwa da ma'aunin zafi, ka sa mutum ya riƙa rubutawa na wata ɗaya: lita nawa, digiri nawa, ƙarfe nawa, da man da boila ta sha ita kaɗai ban da janareta. Yawancin wuraren da na shiga ba su da wannan lambar, mai ɗaya ake ɗiba daga tanki ɗaya. Sannan ka bi bututun tururi da bayan hannu daga nesa, duk inda ka ji yana huci tsirara a naɗe shi, duk inda yake tsartuwa a toshe, ruwan zafin da ake zubarwa a kwata a mai da shi boila. Wannan kuɗi kaɗan ne kuma cikin watanni yake dawowa, sannan yana rage girman solar da za ka saya.

Bayan nan ka fara da ƙarami, murabba'in mita 30 ko 40 a kan aiki ɗaya da bai wuce digiri 80 ba, a sa masa mitar zafi, ka bar shi ya ratsa hunturu ɗaya da damina ɗaya kana rubuta abin da ya bayar duk wata. A takardar yarjejeniya kuma ka sa mai kafawa ya rubuta yunit nawa zai bayar a shekara, ka riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai mitar ta nuna.